Kilomita Shida Zuwa Ƙofar Ganuwa

Auta,

Ina gaishe ka da kyau. Ya aiki, ya matarka da 'yan biyu? Tarin ƙaramar ya sauka? Ni lafiya lau nake, sai gwiwar hagu, ita kuma ba yau ta fara ba.

Na rubuto ne don a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana. Ka yi haƙuri da rubutun, aji uku na yi.

Yau kwananmu uku a hanya. Mu goma sha ɗaya ne, duk tsofaffi, kowa da kekensa. Shugabanmu wani tsohon soja ne, Saje muke ce masa. Yana da usur, da shi muke tashi, da shi muke tsayawa, saura kaɗan ya ce da shi za mu riƙa shan ruwa. Sai motar rakiya a bayanmu, tana ɗauke da jakunkuna da duk wanda ya gaji.

Bari in tuna maka sharaɗinmu kada a zo ana musu. Tun da na zame a banɗaki ka tayar da hankalinka, ka ce in rufe gida da shagon babanku na gyaran keke in koma wurinka, ɗakin nan na kusa da kicin. Na ce ga tafiyar keke ta kwana huɗu zuwa tsohon garin nan mai ganuwa. In na shiga ƙofarsa a kan keke, makullin gidana nawa ne. In motar rakiya ta ɗauke ni ko taku ɗaya, in miƙa maka shi. Ka yi dariya ka ce ka yarda. Matarka na wurin.

Keken babanku na hawo. Ranar farko sun yi ta kallonsa, su nasu irin na zamani ne, da yatsa biyu za ka ɗaga, nawa baƙin ƙarfe mai giya uku. Wani tsohon akawu ya ce in shiga mota in huta, ai ba gasa ake ba. Jiya da rana na wuce shi yana zaune a bayan direba ana yi masa fifita. Na kaɗa masa ƙararrawa.

Gobe za mu isa. Makullin yana wuyana a igiya.

Ka gaishe da kowa.

Uwarka.

*

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Mun iso. Amma akwai magana, kuma gara ka ji ta daga bakina.

Garin a kan dutse yake. Tun daga nesa ka ga ganuwar, kamar an ɗora rawani a kan tudu. Daga gindin dutsen zuwa ƙofa kilomita shida ne, hawa zalla. A nan gindin, daidai wata rumfar jiran mota, keken Saje ya faɗa rami da ƙafar baya. Sifok huɗu, wayoyin nan na cikin ƙafar keke, suka tsinke, gargaren ya karkace har ba ya juyawa. Maza bakwai suka zagaye keken suna kallo kamar ana jana'iza. Ga hadari ya haɗo.

Kai ba ka sani ba, don kullum kana makaranta. Mutane sun ɗauka babanku ne mai gyara. Shi faci da ceni ya iya, da hira da masu kekuna. Duk gargaren da ya karkace, bayan labule yake miƙo mini. Shekara talatin da takwas ina ɗaure sifok ina sassautawa, yana karɓar yabo. Ban taɓa damuwa ba, Allah ya jiƙansa, shi ma ya san wa ke yi.

Na ce su matsa. Ina cire ƙafar ruwa ya sauko. Wannan aiki ba a yinsa da jiƙaƙƙen hannu, sai na shiga bayan motar rakiya na zauna, a tsaye take, a kashe. Direba ya ɗora sauran keken Saje a sama. Na kama aiki. Ka san in ina wannan aikin ko gobara ake ba na ji. Ashe wata babbar mota ta zo ta bayanmu, hanya ƙunci, babu wurin kaucewa, direba ya tayar ya yi ta hawa yana neman inda zai raɓe. Na ji motsi, ba zan yi maka ƙarya ba, amma hankalina na kan sifok na uku. Ina ɗaga kai sai na ga duhu, sai dutse a samana. Cikin ƙofar ganuwa muke.

Na shigo garin a mota, Auta.

Da ruwa ya ɗauke sauran suka hawo. Saje ba shi da abin hawa sai keken babanku, shi ne na ƙarshe, harshe a waje. Ya ce wannan ba keke ba ne, horo ne. Na miƙa masa ƙafar kekensa, ya juya ta, tana gudu ba ko girgiza. Ya daɗe yana kallo.

Duk sun san sharaɗinmu. Akawu ya ce kowa ya rantse ba wanda ya ga komai. Direba har da hawaye. Na ce musu ni na gani.

An zagaya da mu garin. Mai yi mana bayani ya ce ganuwar ta shekara ɗari takwas, kaurinta ya fi tsawon ɗakina. Akwai ƙananan tagogi dogaye da ake harbo kibiya ta ciki, da rijiya a tsakiyar gari don ranar da aka rufe ƙofa. Lunguna matsattsu, ƙasa duk dutse. Har yanzu da mutane a ciki. Na ga wata tsohuwa da ta girme ni tana shanya a jikin hasumiya, ko kallonmu ba ta yi ba. Ban ji daɗin komai ba.

Na cire makullin na sa a ambulan ɗin nan. Ban liƙe ba tukun.

Uwarka.

*

Auta,

Gaisuwa kuma. Ka karanta waccan kafin wannan, a ambulan ɗaya za su zo.

Yau da safe sauran suna karyawa na fito da keken babanku. Na gangara har rumfar nan ta jiran mota. Sifok ɗin Saje da suka tsinke suna nan a ƙasa inda na yar, daga nan na juya. Ina juyawa sai ga Saje ya biyo ni. Na ce ban nemi ɗan rakiya ba. Ya ce ba rakiya ya zo ba, shaida ya zo, kuma ba zai taɓa ni ba ko na faɗi. Na ce haka nake so.

Awa ɗaya da rabi na yi. Sau biyu na sauka na tura, a kwanar hanya ta huɗu da ta ƙarshe. Sharaɗinka mota ka ce, ba ka ce ƙafa ba. Gwiwar nan ta zage ni iya zagi, ban kula ta ba. Da na hango ƙofa na sake hawa, don ba zan shiga ina tura keke kamar mai talla ba. Duwatsun ƙasan ƙofar santsi gare su, an shekara ɗari takwas ana taka su. Ƙafar gaba ta so ta zame, na riƙe ta. Na shiga.

Suna tsaye a ciki su tara, da direba. Ba wanda ya yi tafi, Allah ya taimake su. Saje ne ya cire usur ɗinsa ya miƙo mini, ya ce, "Baba, yau ke za ki busa." Na busa. Tsohuwar nan mai shanya ta leƙo ta ce mu rage hayaniya.

Daga nan na hau kan ganuwar, matakala tamanin da shida, na ƙirga. Daga sama ana ganin hanyar gaba ɗaya har rumfar. Na daɗe a wurin. Babanku ya sha cewa wata rana zai kawo ni garin nan, bai samu ba. To ga kekensa ya hau sau biyu.

Yanzu ga magana. Mota ta ɗauke ni, ban ɓoye ba. Kilomita shida ta ɗauke ni, na koma na yi su da ƙafafuna. A wurina an gama. Na fitar da makullin daga ambulan, yana wuyana. In kai a wurinka sharaɗi ya karye, ba zan yi musu da kai ba, zan ba ka. Amma a ƙofar ganuwar nan za ka karɓa, kuma a keken babanku za ka hawo daga rumfa. Kai da ko bene biyu ka hau sai ka zauna.

Saje da akawu sun ce za su kawo kekunansu shago in mun koma, ka ga ba maganar rufewa.

Ƙarfen nan na riƙewa da ka ce za ka kafa mini a banɗaki na hana ka, ka zo ka kafa. Ka taho da kayan aikinka, nawa ba na ba da aro.

Ka gaishe da matarka, ka shafa mini kan 'yan biyu.

Uwarka.