Ta'aziyyar Malama Hirabayashi da Makomar Littattafanta Talatin da Huɗu

Cikin alhini, da kuma ɓacin ran da muka gaji da ɓoyewa, Ƙungiyar Masu Jinyar Gyambo ta garin Isohama ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma malamarmu, babbar jami'ar jinya, mai bincike, tsohuwar shugabar ɗakin kula da miki a babban asibitin garin nan, Malama Hirabayashi Fumie, wadda ta yanke jiki ta faɗi a tashar bas da safiyar Alhamis, ashirin ga Fabrairu, a kan hanyarta ta zuwa aiki, tana da shekara hamsin da takwas. A madadin shugabar ƙungiya, Uwargida Kumagai Toshie, da ɗaukacin mambobinmu, muna miƙa ta'aziyya ga maigidan marigayiya, Malam Hirabayashi Tokuji, da 'yarsu, Malama Nanae, da sauran dangi.

Ya kamata wannan saƙo ya fito tun makon jiya. Sau huɗu ina rubuta shi ina yagawa, domin kwamiti ya ce a sassauta harshe, ni kuma duk sanda na sassauta sai in ga ƙarya na rubuta. Wannan shi ne na biyar, kuma kwamiti ya amince da shi yadda yake.

Shekara goma sha ɗaya marigayiya ta yi tana bin tambaya ɗaya: me ya sa mutum biyu za su zo da miki iri ɗaya, a wanke musu da magani iri ɗaya, na wannan ya rufe cikin wata uku, na wancan ya shekara yana tsiyaya? Ta yi zargin amsar tana cikin abin da mutum ke kwana da shi a rai. Saboda haka kowace Talata, kafin ta taɓa bandeji, sai ta zaunar da kai rabin awa, ta zuba maka shayin sha'ir, ta bar ka ka yi magana. Bayan nan ta buɗe mikin, ta ɗora masa leda garai-garai, ta zana gefensa da jan alƙalami, ta manna ledar a shafin hagu na littafinta, a shafin dama kuma ta rubuta abin da ka faɗa mata a makon. Da haka ta cika littafi talatin da huɗu a kan mutum sittin da uku.

Ba ta da lallashi irin wanda ake zato. Duk wanda ya zauna a layi ya taɓa jin ta da Dattijo Onodera Matsuzo, tsohon masunci, tana ce masa, "Baba, mikinka ya ƙaru da faɗin farce, kai kuma ka ce mini lafiya lau. Wa zan yarda da shi a cikinku? Ɗanka bai bugo waya ba ko?" Shi kuma ya ce, "Ke 'yar nan, wankin ƙafa aka ɗauke ki ko leƙen gidajen mutane?" Daga nan sai ta ja labule, mu ji muryarsa ta yi ƙasa. Ni mai wannan rubutu, ƙugiya ce ta yage mini ƙwauri a masana'antar kifi, mikin ya yi shekara uku a buɗe, ya rufe a hannunta cikin wata bakwai. Ban sani ba ko hirar ce ta rufe shi, ko lokacinsa ne ya yi. Karatuna bai wuce sakandare ba, kuma ita kanta ba ta taɓa cewa ta tabbatar ba. Abin da take roƙo kawai a bar ta ta gama.

Ba a bar ta ba, kuma da hannunmu a ciki. Ranar Talata, sha uku ga Yuni na bara waccan (na duba littafin da nake rubuta al'amuran kullum, har sau biyu), shugaban sashen tiyata ya sauko da likitoci uku domin su duba ko binciken ya cancanci ci gaba. Mu ashirin da biyu muka hallara, maza da kwat ɗin zuwa biki, mata sun je an gyara musu gashi. Tambaya ɗaya aka yi wa kowa, a gaban kowa: "Akwai abin da ke damunka?" Kowannenmu ya miƙe a kan ƙafar da ba ta ɗaukarsa, ya sunkuya, ya ce, "Babu komai, ranka ya daɗe, albarkacinku muna samun sauƙi." Ba mu haɗa baki ba. Ba a kai wa babban baƙo kuka, haka aka rene mu, kuma kowa ya ɗauka idan ya ambaci damuwa zai zubar wa Malama mutunci a gaban manyanta. Cikin minti goma sha takwas suka gama da mu. Rahotonsu ya ce a cikin majinyata ashirin da biyu babu mai damuwa ko ɗaya, don haka rabin awar nan ɓata lokacin ma'aikaciya ne.

Mun ɗauki laifinmu, amma ba za mu ɗauki nasu ba. Waɗannan likitoci huɗu a ƙasar nan aka haife su, iyayensu mata ma haka suke amsawa ko da ciwo yana cin su, sun san sarai abin da "babu komai" ke nufi a bakin tsoho. Littattafan suna jere a kan tebur, ta yi musu lamba ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya buɗe ko guda. Aka mai da ɗakinta wurin ajiye kujerun da suka karye, ita kuma aka tura ta ɗakin kaya na ƙarƙashin ƙasa tana raba auduga da safar hannu, inda ta yi wata ashirin na ƙarshen rayuwarta. Da muka je ba ta haƙuri, dariya ta yi, ta ce, "Ku ba ni wuri, maƙaryatan banza. Shekara goma sha ɗaya ina fama da ku, rana ɗaya tak na so ku yi rashin kunya, kuka kasa." Daga lokacin zuwa yau mikin mutum bakwai a cikinmu ya sake buɗewa, an kuma yanke wa Dattijo Onodera ƙafa daga gwiwa. Ba mu ce rufe ɗakin ne ya jawo ba, kamar yadda ba mu ce baƙin ciki ne ya tsayar da zuciyar Malama ba. Ba mu da ilimin faɗin haka. Mai ilimin ita ce aka hana ta gamawa.

Saboda haka ƙungiya ba ta karɓi jawabin da mataimakin shugaban asibiti ya karanta a wurin jana'iza ba, inda ya ce asibiti ya tsaya wa bincikenta daga farko har ƙarshe. Ya faɗi haka yana tsaye kusa da furen asibiti, wanda ya fi na kowa tsawo, mu kuma muna zaune a layin baya mun sunkuyar da kai.

Kwana shida bayan rasuwarta, asibiti ya aiko mana da wasiƙa. Wasiƙar ta ce littattafan mallakin asibiti ne, suna ɗauke da sirrin majinyata, kuma tunda an rufe binciken, za a zuba su a injin niƙa takarda ranar talatin da ɗaya ga Maris, ƙarshen shekarar aiki, wato kwana tara kafin addu'ar kwana arba'in da tara da al'adarmu ta tanadar wa marigayiya. Hanya ɗaya aka bari: za a saki littafi idan duk wanda sunansa ke ciki, ko magajinsa, ya buga hatiminsa, wanda shi ne sa hannu a wurinmu, a takardar amincewa. Aka rasa hatimi ɗaya, littafin gaba ɗaya ya tafi. Dakta Oyamada Ritsuko, ƙwararriyar likitar cututtukan da damuwa ke saukar wa jiki, ta rubuto daga jami'arta cewa za ta karɓe su, ta goge sunayenmu, ta ƙarasa aikin da sunan Malama Hirabayashi.

Zuwa yau mutum talatin da takwas sun buga. Saura ashirin da biyar, tara daga ciki sun rasu, sai magadansu. Mun san abin da ke riƙe hannun sauran, shafin dama ne. Ni kaina takardar ta yi kwana biyar a aljihuna, domin a shafina akwai dalilin da ya sa matata ta koma gidansu, abin da ko mahaifiyata ba ta sani ba. Jiya na buga. Ba za a tilasta wa kowa ba, sirrin mutum nasa ne. Muna roƙo dai wanda ba zai buga ba ya ce mana a'a da bakinsa, kada ya ce zai yi tunani ya bar mu muna jira. Takardun suna ɗakin taron ƙungiyar masunta kullum daga ƙarfe tara zuwa biyar, wanda ƙafa ta hana shi fitowa kuma za mu kai masa har gida.

Muna addu'ar samun juriya da ƙarfin zuciya ga Malam Tokuji da Malama Nanae, da natsuwa ga marigayiya a inda ta tafi. Da muka je gidan gaisuwa, bayan mun kunna turare, Malam Tokuji ya rako mu bakin ƙofa ya ce, "Fure ya yi yawa a gidan nan, har na rasa inda zan shimfiɗa katifa. Ku kawo mini littattafan matata, ko bangonsu ne in gani. Shekara goma sha ɗaya suna hana ta cin abinci tare da ni, ban taɓa sa su a ido ba."

Ba mu yi masa alkawari ba. Saura hatimi ashirin da biyar, saura kwana ashirin da takwas.

Tsurumaki Norifumi
Sakatare kuma Kakaki
Ƙungiyar Masu Jinyar Gyambo ta garin Isohama
Litinin, uku ga Maris