Turmin Baba

Dareta, 9 ga Janairu, 2010

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a Gummi. Ni da 'yarmu Surayya lafiya lau, sai kewarka.

Bayan haka, Yaya Sanda ya zo aron turmina, wai matansa za su daka duwatsun zinariya a tsakar gidanmu, tunda nasu ya cika da buhuna. Na hana. Turmin nan ganyen baba nake dakawa a ciki na rina zare, tun daga hannun Inna. Kuma ka san ƙurar dutsen nan, in ta hau jiƙaƙƙen zane ba sabulun salon da zai fitar da ita. Zannuwa uku na shanya a inuwa, ga siket ɗin Malama Lucy ta makarantar firamare, ga farin saƙi da na kwana arba'in a kansa. Ya fita yana cewa zai faɗa maka. To, na riga shi.

Matarka,
Tasalla

Dareta, 2 ga Maris, 2010

Maigida,

Ina gaisuwa, ya aiki, ya zafin rana? Saƙonka ya iso, wai in ba Yaya turmin don a zauna lafiya. Ka yi haƙuri, ban bayar ba. Ban taɓa tsallake maganarka ba sai yau, kuma har zuciyata abin ya yi mini ciwo.

Yanzu a bakin rijiya sarauniyar tsumma ake kirana. Kowace mace ta sayo leshi mai ƙyalli, irin wanda wanki biyu ke kashewa, ana kallona ana dariya. Su yi ta yi. Zanen da ke ƙuguna ya girmi Surayya, launinsa ko gezau. Har ita Surayyar na hana zuwa gidan Yaya, don kullum sai ta dawo mini da riga fari fat da ƙura. Iyatu, matar Yaya, ta daina amsa gaisuwata.

Taka,
Tasalla

Dareta, 27 ga Mayu, 2010

Maigida,

Ina fata kana lafiya. Mu kam sai addu'a.

Dikko, autan Iyatu, ya rasu ranar Talata bayan kwana biyu yana jijjiga. Likitocin da suka zo sun ce gubar dalma ce a cikin ƙurar dutsen, ita ke ɗauke yaran garin nan. An gwada jinin Surayya, an ce da sauƙi, amma za a ci gaba da dubawa. Wallahi ban san da wata guba ba. Zannuwana kawai nake karewa.

Iyatu ta shigo mini ba sallama, ta zauna a ƙasa. Na buɗe adaka na ɗauko farin saƙin nan da na hana ƙura ta taɓa. A cikinsa aka naɗe Dikko.

Jiya Yaya ya sake aikowa, wai sauran buhu huɗu a ƙarasa daka su a gidanmu a ɓoye, tunda an sa wa nasa ido. Na sa sakata. Iyatu tana ciki tare da ni, tana kaɗa mini zare.

In ka ga dama ka yi fushi, in ka ga dama ka dawo ka tsaya tare da mu. Amma kada ka sake aiko mini da saƙo a kan turmin nan. Ba ni da wani farin saƙin, kuma ba zan saƙa wa Surayya ba.

Matarka har kullum,
Tasalla