Malama Ta Ce Ta Ɗaga Murya, Malam Ya Kayar da Ita

Zuwa ga Shugaban makarantar koyon aikin lafiya inda 'yata Habiba take karatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, ina gaida malamanka manya da ƙanana, da fatan iyali suna lafiya.

Sunana Hauwa'u. Ka san fuskata, ni ce matar da ta zauna a bencin ƙofar ofishinka har ka fito. Iyayenmu na cikin waɗanda ruwan Tiga ya tasa daga garinsu na asali. Maigidana masunci ne, ni kuma bandar kifi nake yi. Na gama sakandare kafin a yi mini aure, don haka da hannuna na rubuta wannan takarda, ba wanda ya tsara mini ita. Na zaɓi in rubuta ta inda kowa zai gani saboda a gaban jama'a aka taɓa mutuncin gidana, kuma akwai iyaye da yawa da ba su san abin da ya faru da 'ya'yansu a zangon karatun da ya wuce ba.

Na ɗaya, abin da aka koya mata.

A makarantarka akwai darasin magana a gaban jama'a. Duk wanda ya faɗi a cikinsa ba zai fita aikin gwaji tare da 'yan ajinsu ba, sai ya maimaita shekara. Ɗalibai sun yi wa babban malamin darasin yawa, sai ya raba su gida uku, ya ba kowane rukuni mataimaki ɗaya. Ba zan kama sunan kowa a cikinsu ba, domin su ma 'ya'yan wasu ne. Zan kira su da inda suke koyarwa.

Habiba ta faɗa hannun Malamar gindin darbejiya. Ɗakin taro ɗaya ne a makarantar, wani ya riga ta kamawa, ita kuma ta kwashi nata ɗaliban ta kai su bayan makaranta. Takan tura ɗalibi ɗaya ya tsaya can jikin katanga. In bai ji abin da mai magana ya ce ba, sai a sake daga farko. Kullum tana gaya musu cewa matan ƙauye ba za su matso kusa don su ji ku ba, ku ne za ku kai musu maganar har inda suke zaune.

Ranka ya daɗe, ka tambayi kowa a unguwarmu yadda nake riƙe da gidana. 'Ya mace ba ta ɗaga murya a tsakar gidana, ba ta amsa wa babba daga nesa, sai ta zo ta durƙusa. Amma Allah ya ba Habiba maƙogwaron ubanta. Tun tana ƙarama ita ake aika bakin ruwa ta kira shi in yana cikin kwalekwale, kuma yana ji. Bayan wannan aike, ban taɓa barin ta yi amfani da muryar nan a ko'ina ba. Da ta zo hutu ta ce mini, "Inna, Malama ta ce in daina ɓoye muryata," sai na ce mata ta bi abin da malamarta ta ce, domin bin malami ma tarbiyya ce. Duk hutun nan a bayan lambun tumatir take tsayawa tana yi wa kaji da awaki bayanin wanke hannu. Ƙannenta suna dariya, ni ko ban hana ta ba.

Na biyu, ranar jarrabawa.

An ce mataimakan nan uku sun yi musayar rukuni don kada wani ya ba nasa ɗaliban maki da son rai. Niyya ce mai kyau, ban musa ba. Sai dai ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa abin da ya koyar. Habiba ta faɗa hannun Malamin ɗakin taro, wanda tun farkon zango nasa ɗaliban da makirufo suke magana, yana koya musu sassauta murya da tausasa harshe. Aka miƙa wa yarinyar nan abin da ba ta taɓa riƙewa ba. Ta kai shi baki, ta yi sallama yadda aka koya mata a gindin bishiya. Lasifika ta yi ƙara, 'yan gaba suka toshe kunne, ɗaki ya kwashe da dariya.

Da a nan abin ya tsaya, da ban rubuta komai ba. Yaro yakan yi kuskure, malami ya gyara. Amma malamin ya karɓe makirufon daga hannunta, ya kai bakinsa, ya ce, "Ke, a kasuwa aka raine ki? Ba a koya miki yadda mace take magana a gidanku ba?" Sannan ya kayar da ita, tare da mafi yawan 'yan rukuninsu.

Ta dawo gida ba ta magana. In na tambaye ta abu sai ta gyaɗa kai. Ubanta ya ce ta kira masa ƙaninta daga bakin ruwa, ta tafi da ƙafa har can ta taɓa shi a kafaɗa. Ba ita ta gaya mini abin da aka ce ba. Maƙwabciyata ce, wadda 'yarta Saude take rukunin ɗakin taro kuma ta ci da maki mai kyau. Ta shigo yi mini jaje tana ta murmushi, ta maimaita mini maganar malamin ba ta rage ko harafi ba. Kafin la'asar duk matan layinmu sun ji cewa an ce 'yar Hauwa'u mai yawan faɗa ba ta da tarbiyya.

Na uku, zuwana wurinka.

A nan dole in yaba maka. Ka karɓe ni, ka ba ni kujera, ka saurare ni har na gama. Ka tuna ban roƙe ka a ƙara mata maki ba. Ban haifi 'yar da zan roƙa wa abin da ba ta samu da guminta ba. Tambaya ɗaya na yi maka: malama ta ce ɗaga murya, malam ya ce ɗaga murya rashin kunya ne, to wanne ne makarantar a cikinsu, don in san wanda zan ce 'yata ta bi?

Ba ka ba ni amsa da baki ba. Ka sa aka kira mataimakan duka uku da babban malaminsu, ka sa aka kira wani ɗalibi da ke wucewa, ka ce ya yi jawabinsa sau ɗaya, kowannensu ya rubuta makinsa ba tare da ya leƙa na ɗan'uwansa ba. Ina zaune a gefe na ga abin mamaki. Malamin ɗakin taro ya ce yaron ya ci sosai. Malamar gindin darbejiya ta ce ya faɗi, don ko daga bakin ƙofa ba za a ji shi ba. Na ukun bai rubuta komai ba, ya ce a ba shi takardar jawabin tukuna, domin shi rubutu yake dubawa, ɗalibansa karantawa suke yi daga takarda.

Sai gardama ta tashi a gabanka. Malamar ta ce, "Wallahi ni ban san da makirufo za a yi jarrabawar ba." Malamin ya ce, "Ni ma ban san a waje kike karatu ba, na ɗauka shan iska kuke yi." Nan gaskiya ta fito. Ta tabbata tun da aka buɗe makaranta ba su taɓa zama wuri ɗaya sun tattauna darasin ba, alhali ofishinsu ɗaya, butar alwalarsu ma ɗaya. Ɗalibai suna ganin darasi ɗaya suke yi, ashe uku ne, kuma sa'a ce kawai take zaɓar wanda zai ci.

Ranka ya daɗe, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amana ce aka yi wasa da ita. Uba da uwa ma in wannan ya ce wa yaro tashi, wancan ya ce zauna, sannan suka dake shi, su ne masu laifi. Balle malaman da aka damƙa wa 'ya'yan mutane.

Na huɗu, ranar da Allah ya wanke ni.

Ka soke jarrabawar farko gaba ɗaya. Ka ce su zauna su fitar da ma'auni ɗaya, kuma a sake ta a inda yaran nan za su yi aiki in sun gama. Aka kai su wani ƙaramin asibiti a yankin Tudun Wada ranar awo. Na bar kifina a kan wuta na ce maƙwabta su duba mini, na hau mota na je.

Rumfa ce ta kwano cike da mata, wasu a benci, wasu a tabarma har wajen inuwa. Jarirai suna kuka, injin niƙa yana ta ruri a tsallaken hanya, babura suna wucewa. Babu wuta, babu lasifika. Kai da kanka ka raba wa malaman wurin zama, kuma na lura da inda ka ajiye Malamin ɗakin taro: can ƙarshe, jikin shinge.

Da aka kira Habiba, sai da ta je ta durƙusa ta gaida malamanta, har da shi. Sannan ta miƙe, ta gyara hijabinta, ta yi sallama. Matar da ke bayana ta daina jijjiga ɗanta ta ɗago kai. Ta yi bayanin abin da uwa za ta yi in gudawa ta kama yaro, da yadda ake ba shi ruwan gishiri da sukari, da lokacin da ya kamata a garzayo asibiti. Ba ihu ta yi ba. Magana ce a natse, amma tana isa ko'ina, kamar yadda take isa kwalekwalen ubanta. Wata Bafillatana da ta zo daga wajen Falgore, tana zaune kusa da malamin nan a jikin shinge, ta ɗaga hannu ta tambaya ko za a ci gaba da ba yaron nono. Habiba ta amsa mata daga inda take tsaye, matar ta gyaɗa kai.

Wata tsohuwa ta waiwayo ta ce, "Wai 'yar wace ce wannan, Allah ya yi mata albarka?" Ni da nake hana 'ya'yana ɗaga murya, ranar sai da na ɗaga tawa. Na ce tawa ce.

Malamai uku suka rubuta, aka haɗa, bakinsu ya zo ɗaya. Habiba ta ci, kuma yanzu haka tana aikin gwaji a wani ƙauye a yankin Doguwa. An ce mini matan wurin sukan tambayi ranar da za ta yi bayani don su zo da wuri. Alhamdu lillahi.

Sai dai ban dawo da farin ciki zalla ba. Saude, 'yar maƙwabciyata, ta tashi a rumfar nan ta buɗe baki, ko 'yan benci na biyu ba su ji ta ba. Mata suka ci gaba da hirarsu, ita kuma ta tsaya tana hawaye. Yarinya ce mai hankali, kuma ita ma abin da malaminta ya koya mata ta bi, kamar tawa. Na shiga gidansu na yi wa uwarta jaje, kuma ban yi murmushi ba.

Saboda haka ga buƙatuna.

Kada a sa Saude da 'yan rukuninta maimaita shekara. A ba Malamar gindin darbejiya su ta horar da su, a sake gwada su. Ita ma malamar a ba ɗalibanta makirufo su koya, domin wata rana za a miƙa musu shi a taro, bai kamata su sake zama abin dariya ba.

Zaman da mataimakan nan suka yi a bisa umarninka kada ya zama na ranar nan kaɗai. Su zauna kafin a fara zango, su riƙa leƙa ajin juna, kuma a gaya wa ɗalibai tun farko abin da za a auna su da shi. Babban malamin darasin ya sani cewa raba ɗalibai ba ya sauke masa nauyinsu.

Buƙatata ta ƙarshe ta shafi Malamin ɗakin taro. Ban ce a kore shi ba, ban ce a taɓa albashinsa ba. Yaro ne, zai yi hankali. Na ji an ce ya tare Habiba a bakin ƙofa ya ce mata a hankali, "Ki yi haƙuri da abin da ya wuce." Ita ta yafe, don haka na raine ta. Amma maganar da ya yi ba ita kaɗai ya yi wa ba. Gidana ya ambata, kuma ɗaki cike da 'ya'yan mutane ya ji shi, har maganar ta iso layinmu. E, ina kai kifi kasuwa, kuma da shi na biya mata kuɗin makaranta, amma a gida na raine ta. Ina so ya tsaya a ɗakin taron nan, a gaban ɗaliban nan, ya janye abin da ya faɗa. Tunda shi ba ya son ɗaga murya, a kunna masa janareto, a miƙa masa makirufonsa, don na can baya su ji.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya kare ka daga haƙƙin 'ya'yan mutane, ya haɗa kan malamanka a kan gaskiya. Allah ya sa yaran da kuke horarwa su zama sanadin lafiyar ƙauyukanmu.

Wassalam.

Hauwa'u, mahaifiyar Habiba,
daga bakin ruwan Tiga.