Manaja Ta Yi Atishawa

Ana sanar da masu karatu, manya da yara, cewa ranar Talatar nan da ta wuce, da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, wata kyanwa ta yi atishawa sau uku a jere. Wanda ya shaida abin mai gyaran agogo ne, don haka ba mu da ta cewa a kan lokacin. Ga wasiƙarsa yadda ta iso.

Salamu alaikum Kawu Mai Tabarau,

Don Allah ka taimake ni kafin Asabar, in ta wuce shawarar ba za ta yi mini amfani ba.

Ni mai gyaran agogo ne. Shagona ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin matakalar wani dogon bene, teburin gilashi ɗaya da kujera ɗaya. Kwanakin baya wani mutum ya kawo agogon hannu, ya sunkuyo yana nuna mini inda allurar ke maƙalewa, yana ta tari a fuskata. Bayan kwana huɗu zazzaɓi ya kwantar da ni, aka gwada aka ce korona ce.

Yaranmu suna makarantar kwana, saboda haka mu huɗu ne a gida: ni, da matata, da mahaifina mai fama da ciwon suga, sai Manaja. Manaja kyanwa ce. Marigayiya Mama ce ta sa mata sunan, don ba ta zama sai a kujerar da ta fi laushi, tana bin masu aiki da ido. Tun rasuwar Mama, shekara biyu ke nan, da ita Baba yake hira. Ya saurari labarai a rediyo ya maimaita mata, har ra'ayinta yake tambaya.

Da sakamakon ya fito, matata ta killace ni a ɗakin ƙurya, ta mayar da Baba ɗakin da ya fi nisa da ni. Ta ɗauko alli ta ja layi a bakin ƙofata, ta ce ba mai tsallake shi, mutum ko dabba. Takan ajiye mini faranti a kan layin, ta ƙwanƙwasa sau uku, ta juya.

Kawu, mako biyu a ɗaki ɗaya ba wasa ba ne. Agogon bangon ɗakin sau biyu ina kwance shi ina mayarwa, alhali lafiyarsa ƙalau. A rana ta uku na buɗe ƙofa zan ɗauki faranti, Manaja ta kutso ta tsakanin ƙafafuna. Wannan ba laifina ba ne. Sauran kwanakin ne laifina. Na lura matata takan yi minti ashirin da biyar a kicin bayan ta ajiye mini abincin rana, sai in ɗan buɗe ƙofa in ce mus-mus a hankali. In rage mata kifi a farantina ta lashe, ta hau ƙirjina ta kwanta, ina tari tana gurnani. In minti ashirin ya cika in fitar da ita. Kullum haka, ban taɓa makara ba.

Kuma ba da ka na yi ba. Bara ka rubuta a wannan fili cewa wanda ke tsoron kyanwarsa ta kamu da korona, ya haɗa ya saya wa butar shayinsa takunkumi. Na yi dariya ranar, har na yanke shafin na ajiye a akwatin kayan aikina. Yana nan.

Yanzu na warke. Sai ga atishawar Talata. Tun ranar ba ta cin abincin kirki, idanunta na ruwa. Na kara kunnena a haƙarƙarinta yadda nake yi wa agogo, na ji wani ɗan sauti da ban san ta da shi ba.

Matata ta yanke cewa Manaja ce ta kwaso cutar a yawonta ta kawo mini, kuma Baba ne na gaba. Yayanta mai kemis ya goya mata baya. Ta kulle Manaja a sito, tsakanin bokitai da tsintsiya. Ran Asabar Yaya zai zo da mota a sa ta a kwali, a kai ta bayan gari a sake. Kafin nan tana so a goge mata jiki da ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Baba kuwa an ce masa Manaja tana wurin likita. An gwada shi ba shi da komai, amma ya daina ƙarasa shayinsa, ya kashe rediyo. In Manaja ta yi kuka daga sito, sai matata ta kunna injin markaɗe don kada ya ji. Jiya sau biyar aka markaɗa tumatir a gidanmu.

Ni kuma na yi shiru. Duk lokacin da na buɗe baki sai in ga hannayenta, har saɓa suke yi saboda sabulu. Ita kaɗai ta riƙe gidan nan, ni ina ciki ina rusa mata doka da agogo a hannu. Ni na sa wa Manaja cutar? Za ta iya sa wa Baba? In na faɗi gaskiya ban san irin kallon da matata za ta yi mini ba, in na yi shiru a kai baiwar Allah daji a kan laifina, kuma ban san me zai rage wa Baba ba.

Naka,
Mai Gyaran Agogo

Amsa

Wa alaikumus salam Malam Mai Gyaran Agogo,

Barka da warkewa. Na karanta labaran masu laifi da dama, ban taɓa cin karo da wanda ya tsara nasa da minti da daƙiƙa kamarka ba.

Mu fara da abin da aka sani. Kyanwa da kare suna iya kamuwa da korona daga mai gidan da ke jinya, kyanwa ma ta fi saurin ɗauka, musamman wadda ke kwanciya a jikin majiyyaci tana cin ragowarsa. Yawancinsu abin yakan zo musu da sauƙi, atishawa da kasala da ƙin abinci, su warware cikin kwanaki. Akasin haka, wato dabbar gida ta sa wa mutum, yana da wuya ƙwarai. Don haka in ma korona ce ke damun Manaja, daga ƙirjinka ta samo ta. Na ce in ma ita ce, domin kyanwa tana da murarta ta gado, kuma kunnen mai gyaran agogo ba zai bambance su ba. Wannan aikin likitan dabbobi ne. Kira shi yau, kafin ka ɗauke ta zuwa ko'ina, ka gaya masa an yi jinyar korona a gidan.

Matarka ta yi kuskure a kan wanda ya kawo cutar, amma ba ta yi kuskure a kan tsoron ba. Dattijo mai ciwon suga ya cancanci layin alli, har biyu ma. Ta gina hukuncinta ne a kan abin da ta sani, kai kuma ka riƙe rabin labarin a aljihu. Kada ka bari Yaya ya tayar da mota kafin ka fito da shi. Ka same ta a zaune, ka faɗa mata tun daga mai tarin shago har zuwa kifin, ba tare da ƙawata komai ba. Za ta yi fushi, kuma da gaskiyarta. Ka tsaya ka sha, kada ka kare kanka da shafin jarida. Daga nan ka karɓi wanke-wanken gidan har hannayenta su warke.

Sai Manaja. A fito da ita daga sito a kai ta ɗakin ƙurya, tun da ta san hanya, a rufe taga don kada ta fita yawo. Kai da ka warke kai ne mai jinya: kwanonta daban, ruwanta daban, ka wanke hannu kafin ka taɓa ta da bayan ka taɓa ta. Kada a goge ta da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, don lashe jikinta za ta yi, gubar ta tafi ciki. Kada a ɗaura mata takunkumi. Kada Yaya ya ba ta komai daga kemis, farasitamol da muke sha kamar alewa yana kashe kyanwa. In numfashinta ya yi nauyi ko ta ƙi ruwa, a garzaya wurin likita. Sakinta a bayan gari kuwa zalunci ne gare ta, kuma rabon cuta ne ga kyanwoyin da za ta tarar a can.

Baba a gaya masa gaskiya. Mutumin da ya rene ka ya san ƙarar injin markaɗe, ina kuma zargin ya san kukan Manaja. Ba zai taɓa ta ba sai likita ya yarda, amma a ajiye masa kujera a bayan layin alli, ya kunna rediyonsa, ya ba ta labarai ta bayan ƙofa. Ina sa ran shayin zai ƙare a kofi.

Allah Ya ba Manaja lafiya, Ya ƙara wa Baba nisan kwana, Ya huci zuciyar matarka, Ya saka mata da alheri.

Saura shafin da ke akwatinka. Na karanta a wani littafi cewa kyanwa tana da irin tata koronar da ba ta kama mutum, sai na ɗauka tamu ma ba ta kama ta, na kuma yi wa mutane ba'a a kai. Ban yi daidai ba. Ka yaga shi, kuma in ka zauna gaban matarka, ka ce mata mu biyu ne muka buɗe ƙofar.

Kawu Mai Tabarau