Agogon Sanda da ginshiƙan Ƙurɗuba

Abu Hail, Dubai, Maris 2013

Zuwa ga Rahila, inuwar gawo mai ganye da rani, ruwan randa a garin da iskarsa ma sayenta ake yi, tauraruwar teloli a Satwa, wadda ta ɗinke rigunan rabin Deira ta bar zuciyar Mato a yage!

Na yi laifi. Ranar Juma'a a kwalekwalen abra na ga agogon mijinki marigayi Sanda a hannunki, yana bayan Dubai da awa uku, yana bin lokacin Damagaram kamar yadda ya bar shi. Wai ni mai ban dariya, na tambaye ki ko amarya za ta shigo gidana da agogon wani. Kika kalli ruwa, kika ce zuciyarki gini ce da Sanda ya gama, babu filin sabon magini. Kwana tara ke nan ba ki ɗaga wayata ba, ga jirginki na Yamai ranar ashirin da takwas.

To saurari tsohon da karatu bai hana shi wauta ba. Bara da maigidana ya kai ni Sifaniya sayen tayil, na zame na je Ƙurɗuba. Akwai wani gini can, ginshiƙai sama da ɗari takwas, bakan gizo ja da fari bisa bakan gizo, kai ka ce gonar dabino ce ta zama dutse. Masallaci ne a da, yau coci ne. Da yawan ginshiƙan ma sun girmi masallacin, daga gine-ginen Rumawa aka ɗebo su. Kowa ya zo ya tarar da na wani, a kansa ya ɗora. A Ishbiliya na ga hasumiyar ladan da aka aza wa ƙararrawa a ka, gindinta na nan daram bayan shekara ɗari takwas. Wane gini ne ya kammalu, ya sanyin idona? Wace zuciya ce mai rai ta rufe ƙofa?

Amma a tsakiyar na Ƙurɗuba an tumɓuke ginshiƙai don a kafa sabon ɗaki mai ado. An ce sarkin da ya ba da izini, da ya gani, ya ce sun rushe abin da babu irinsa don su gina abin da ke ko'ina. Ranar Juma'a ni ne wannan magini. Mai furfura da tumbi irina ai ko'ina akwai!

Ba zan taɓa ginshiƙi ko ɗaya ba. Shekara goma sha shida da kuka yi da Sanda su ke riƙe da rufin da nake neman inuwarsa. Lungu kawai nake roƙo, inda zan shimfiɗa tabarma in ajiye littattafaina.

Na mayar da agogona baya da awa uku. Sau biyu na makara wurin aiki, maigida ya fara tambayar lafiyar kaina. Ki faɗa wa yayanki Sulaiman in kin yarda in turo manyana kafin ki tashi. In kin ce a'a ma, haka zan bar agogon.

Naki har ginshiƙan nan su gaji da tsayuwa,
Mato