Mai Cin Kishkin Inna

Yaya Sabah,

Gaisuwa daga Amman. Yaya jikin Inna, da yara, da mutanen Minya? Ni lafiya lau. Tafin hannuna ne kawai igiya ta ɗan yayyanka, ya kusa warkewa.

Albishirinki! Zaitun, karen Madam Rula da nake fita yawo da shi, ya daina jana a titi. Da, yana hango mage sai mu kwasa a guje. Har Madam ta ce, "Hamada, kai ke yawo da shi ko shi ke yawo da kai? In ba ka iyawa in nemi wani."

Ranar nan dunƙulen busasshen kishkin da Inna ta aiko, na alkama da nonon nan da take yi, ya faɗo daga aljihuna ya gangara. Zaitun ya cafke! Yanzu in na kira sunansa ya dube ni, sai in gangara masa guda. Wallahi jiya muka wuce maguna idonsa na kan aljihuna!

Ki lallaɓi Inna ta ƙaro, Allah ya ƙara mata lafiya. In ta tambaya, ki ce an cinye tas, kada ki ce wa ya ci. Ɗaya na ɓoye wa kaina, shi ma shaƙar ƙamshinsa kawai nake yi.

Ƙaninki,
Hamada