Almakashin Yaya

Litinin, 6 ga Janairu

An sallamo Yaya daga asibiti. Ɓarin dama ya shanye, hannu da ƙafa, baki ya karkace. Magana duk ta zube, saura kalma guda: "a'a." Na ce Allah mai hikima, ya duba kayan mutum kaf ya bar masa wanda ya fi mora.

Ɗansa, Injiniya, ya tura shi a keken guragu har ƙarƙashin rumfar inabi. Ya ce, "Gwaggo, nan ya fi so. Ki riƙa fito da shi da hantsi, likita ya ce ganin abin da yake ƙauna zai taimaka masa." Na ce to, ɗana, je ka aikinka. Gani kam zai yi.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na shanya wanki a jikin rumfar, har da na ciki. Tun da mijina ya rasu na dawo ɗakin baya na gidan nan, ko tsumma ban isa in rataya a wurin ba. Ruwa yana ɗiga kusa da ƙafarsa, yana ta a'a, a'a. Na ce, "Gaskiyarka, Yaya, wannan gefen ba rana. Gobe a saman kanka zan shanya."

Talata, 14 ga Janairu

Ina neman rigunansa na tsinci almakashin da yake aske inabi da shi a ƙasan akwati, an shafe shi da mai, an naɗe shi a ƙyalle mai laushi. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ba ta ga irin wannan gatan ba.

Na daɗe ina kallon kurangar inabin yau. Daga ɗan kara ya rene ta, yanzu gindinta ya kai kaurin cinya. Shi ya kafa turakun ƙarfe, ya ja waya, yana ɗaure kowane reshe da tsumma don kada wayar ta ji mata ciwo. Shekarun nan da hannunsa ya fara rawa ta sarƙe kamar kan mahaukaciya, 'ya'yan ma sai ɗai-ɗai. Duk da haka ba mai taɓawa.

'Yata Auta tana famfarar haƙori lokacin da ta tsinki nonon inabi ɗaya. Ɗanye ma, ko cinyewa ba ta yi ba. Daga jikin kurangar ya yanko tsumagiya, da ta ƙare ya sa hannu. Kunnen hagu ya kwana yana jini. Ni kuwa ina cin abincinsa, ina kwana a gidansa, sai na ce mata ta ba kawunta haƙuri. Ta ba shi. Yanzu tana da 'ya'yanta, har yau in za ka yi mata magana sai ta juyo maka da kunnen dama.

Laraba, 15 ga Janairu

Na gyara masa zama sosai, na sa matashi a bayansa, na goge masa tabarau. Sannan na ɗauko tsani.

Almakashin nan akwai kaifi, ba a raba Yaya da kayan kirki. Reshe na farko ya faɗi a cinyarsa. Ban san kuranga tana zubar da ruwa in an yanke ta ba, ɗis, ɗis, kamar mai mura. Shi ma nasa bakin yana zuba. Na rasa wanda zan fara goge wa, sai na bar su duka.

Asabar, 25 ga Janairu

Na gama. Gwiwoyina sun san na yi aiki. Ba ganye ko ɗaya, sai gindi da 'yan guntayen hannuwa a kan waya. Rana tana sauka kai tsaye a inda keken yake. Likita dai ya ce a nan za a ajiye shi, ni wace ce da zan saɓa wa likita.

Ya daina a'a tun shekaranjiya. Kallo kawai.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Auta ta kira. Na ba ta labari ina dariya, ita ba ta yi ba. Wai, "Umma, ki ƙyale tsohon nan. Ni fa wallahi na manta." Na ce, "Da wane kunnen kike saurarona yanzu?" Sai ta ce yara suna kiranta.

Yaran yanzu yafiya ba ta yi musu wuya, ba su ne suka wanke matashin da kunnen ya jiƙa da jini ba.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Abin nan bai mutu ba. Kowane ido a jikin kurangar ya fashe, toho ja-ja kamar kunnen ɓera.

Laraba, 12 ga Maris

Injiniya ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon sama, baki buɗe. Na shirya amsata tsaf, sai ji na yi yana cewa, "Gwaggo, ashe kin iya? Baba ya daɗe yana cewa aski take so, mai zurfi, sabon reshe ne ke haihuwa. Hannunsa ne ya kasa, kuma bai yarda da kowa ba. Dubi huda." Har da durƙusawa ya riƙe hannuna.

Na waiwaya. Kafaɗar Yaya mai lafiyar tana rawa, rabin bakin nan ya ɗage. Dariya yake. Wato tun ranar da ya yi shiru ya gane, ya zauna cikin rana yana kallona ina yi masa bauta a kan tsani.

Kakarmu tana da labarin wata mata da kifi ya sara wa yatsa, ta rantse sai ta ga bayansa, ta ɗauke shi ta jefa a kogi. Muna yara mu yi ta dariyar wautarta. Yaya ne ya fi kowa dariya.

Lahadi, 30 ga Maris

Nonna ko'ina, sun fi ƙarfin ƙirga. Inuwa ta dawo kansa. Har ƙiba ya yi.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Kwana biyu yana nuna mini ɗakin ajiya da hannun hagu, yana gurnani. Na san abin da yake so. 'Yan jakunkunan takarda ne da yake sa wa kowane nono ya ɗaure bakin, saboda tsuntsaye. Na kawo masa tsintsiya. Na kawo bokiti. Na kawo tsohon takalminsa, na ce, "Wannan ne, Yaya? Yawo za ka?"

Da ya gaji na fito da jakunkunan, na tara sharar tsakar gida a gabansa, na kunna ta da su. Takarda mai kyau, ba ta hayaƙi.

Na fara watsa ragowar abinci a kan katanga. Baƙo sai da gayyata.

Juma'a, 9 ga Mayu

'Ya'yan sun fara juya launi, baƙina tsuntsaye kuma sun iso da danginsu. Ba cinyewa suke ba, nan ne daɗin abin. Su huda wannan su bari, su huda na gaba. Abin da suka bari zanzaro da ƙuda su ƙarasa.

Ya samo dabara, yana buga kofinsa na ƙarfe a hannun keke. Da farko suna tashi. Na ce ƙarar tana sa mini ciwon kai, na canza masa da na roba. Sai ya koma wa kalmarsa, tun hantsi har azahar, har murya ta dushe. Yau wani ɗan ƙarami ya sauka a kan gwiwarsa mara ji, ya goge baki, ya tashi.

Talata, 27 ga Mayu

Akwai wani nono da ya sauko ƙasa-ƙasa ta gefen hagunsa, na lura ya daɗe yana auna shi da ido. Ina kicin na ji faɗuwar. Tukunya ce a hannuna, saura kaɗan in gama kankare ta, na gama.

Na same shi kife, fuska a ƙasa, keken a kansa. Hannun a buɗe, ba komai a ciki. Sai da na kira maƙwabci muka ɗaga shi. Injiniya ya zo da mota ya kai shi asibiti, yana ta ba ni haƙuri wai an bar mini wahala ni kaɗai.

Asabar, 7 ga Yuni

Ƙirji ya kamu, haɗiya ta gagara, an sa masa roba ta hanci. Haka Injiniya ya ce a waya.

Gidan shiru. Na fita da ragowar abinci zan watsa, na tsaya, na mayar. Wa zai gani?

Can cikin ganye na tarar da waɗanda tsuntsaye ba su kai gare su ba, baƙi wuluk, da farin gari-gari a jikinsu. Na tsinki ƙwaya ɗaya. Duk zamana a gidan nan ban taɓa sa shi a baki ba. To. Akwai zaƙi. Ba zaƙin da ya kai kunne ba, amma akwai.

Talata, 10 ga Yuni

Na yanki mafi kyau na kai asibiti a cikin kwano. Kada a ce ban je ba.

Ya rame, idon ne kawai nasa. Nas ta ce ba zai iya haɗiya ba, amma in matsa masa a leɓe ba laifi. Injiniya ya ce, "Baba, ga inabinka, Gwaggo ce ta rena maka."

Ya daɗe yana kallon kwanon. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Na matse ƙwaya ɗaya, ruwan yana bin yatsuna, na kai bakinsa na ce, "Yaya, buɗe." Ya dube ni. Ya tattara ɗan abin da ya rage masa na leɓe ya damƙe, ya juya fuska bango.

Na tsaya da hannu a miƙe har ruwan ya bushe. Injiniya ya ce gajiya ce. Na bar wa nas-nas kwanon.

Juma'a, 13 ga Yuni

Na yayyanka tsohuwar rigar matashi na ɗinka 'yan jakunkuna, na rufe abin da ya saura. Kashin tsuntsaye ne ya ishe ni, kullum sai na wanke tsakar gida. Wani reshe kuma iska ta sauke shi yana dukan taga, na yagi bakin zanena na ɗaure shi. Ban matse ba.

Na tambayi Injiniya yaushe za a sallamo shi, ya ce likita bai ce komai ba, sai ya shiga tambayata ko ina shan maganina.

Keken yana nan ƙarƙashin rumfa, na goge shi da safe. Ban shigar da shi ɗaki ba. Nauyi gare shi, bayana kuma ba na da ba ne.